Bishiyar da Ba Mu Zagaya Ba

Shekarata goma sha biyar a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna zaune a Woolwich, a hawa na uku na wani gidan bene mai taga tana kallon kogi. Babana likita ne, a wani asibiti da ke Whitechapel yake aiki. Ni kuma ina sakandaren 'yan mata, kuma abu guda na fi kowa iyawa a ajinmu, shi ne gudu. Ba na fili mai layi-layi da ake yi da bazara ba, na lokacin sanyi, wanda Turawa ke ce wa cross country, inda ake sakin yara cikin ciyawa da gangara da taɓo su yi ta gudu har numfashinsu ya riƙa fita kamar hayaƙi.

Mama ba ta so ba da farko. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin dogon wando da ɗankwali, kuma in dawo gida kafin magariba.

A babban filin ciyawar Woolwich nake atisaye bayan an tashi daga makaranta. Wata rana wata yarinya doguwa ta wuce ni da gudu, santsi ya kwashe ta a gabana, ta faɗi zaune. Sai na ji ta ce, "Kai, wannan ƙasa!" Da Hausa. Na tsaya ina kallonta baki buɗe, na manta ban ko miƙa mata hannu ba.

A zangon Kumasi aka haife ta, tana da shekara tara aka kawo ta London. Mahaifiyarta na da tebur a kasuwar Woolwich, tana sayar da doya da busasshen kifi. Makarantarmu ba ɗaya ba ce. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mini. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta gaida Mama da "Ka wuni lafiya?" sai da Mama ta shiga kicin ta yi dariyarta, sannan ta fito mata da tuwo.

Ta fi ni gudu. Wannan ba na son in ɓoye shi ko in rage shi. A wuri mai shimfiɗa nakan iya bin ta kafaɗa da kafaɗa, amma da mun zo hawa sai ta bar ni kamar na tsaya. Bakinta a rufe take gudu, ta hanci kawai take numfashi, wani sauti siriri mai tsari, wanda ko ban waiwaya ba na san ita ce.

A wannan hunturun aka sa gasar makarantun yankinmu. Shida na farko za su wakilci yankin a babbar gasa ta gaba, kuma wani mai horarwa na wata ƙungiyar gudu ya ce wa ƙawata in ta shiga cikin shidan zai ɗauke ta. Ba ta da wata magana sai wannan.

Ranar Lahadi kafin gasar muka hau bas muka je wurin shaƙatawar da za a yi, da takardar taswirar da malamarta ta ba ta. Muka bi hanyar da ƙafa tun daga farko. Wajen tsakiya, hanyar takan bar babban titin ciyawa, ta gangara hagu zuwa bakin wani ɗan rafi, ta zagaya wata ƙatuwar bishiya da tsawa ta ƙone rabinta, sannan ta sake hawowa ta haɗu da titin. Gangarar doguwa ce, hawan kuma ya fi ta muni. Ƙawata ta dafa jikin bishiyar ta ɗaga kai tana duban tudun.

"Nan ne mutane za su mutu," in ji ta, tana dariya. "Kai ma ka yi hankali."

Ran Asabar muka tarar 'yan mata sun yi yawa, ga ƙofar da za a bi a farkon hanyar ƙarama ce. Masu shirya gasar suka ce za a raba mu gida biyu, makaranta-makaranta, a ɗauki lokacin kowa da agogo, a haɗa a jera. Makarantarmu ta faɗa rukunin farko, ƙarfe goma na safe. Tasu ta faɗa na ƙarshe, ƙarfe biyu, bayan an gama duk tseren maza.

Sanyin safiyar nan ya daskarar da komai. Ciyawa ta yi fari, ƙasa ta yi tauri kamar siminti, takalmi na sauka yana tashi ba abin da ke riƙe shi. Aka busa usur muka tashi. Ina ta uku lokacin da muka iso inda ake gangarawa. Ledar nan ja da fari da ake ɗaurawa don a tare titi tana kwance a ƙasa, iska ta tsinka ta, kuma babu kowa a tsaye a wurin. Yarinyar da ke gaba ta miƙe abinta. Ta biyu ta bi ta.

Na juya kaina hagu. Na ga bishiyar can ƙasa, baƙa, ita kaɗai a cikin farin filin. Na san nan ne hanya. Wataƙila na gaban ba su sani ba, daga makarantu masu nisa suka zo. Ni na sani, domin na taɓa ta da hannuna kwana shida da suka wuce. Duk abin bai kai numfashi biyu ba. Ƙafafuna suka bi na gaba, duk na baya kuma suka biyo mu.

Na zo ta uku a rukuninmu. Malamar wasanninmu ta duba agogonta sau biyu, ta rungume ni ta ce ban taɓa gudu irin na yau ba. Ina shan shayi a murfin filas ɗinta na hango wani dattijo mai rigar ruwa rawaya yana tafiya a hankali wajen tsakiyar filin, da naɗin leda a hannu.

Wajen sha ɗaya rana ta fito. Ba zafi gare ta ba, amma ta isa ta narkar da ƙasa. Maza suka yi tsere huɗu a jere, ɗaruruwan ƙafafu a kan hanya guda. Kafin ƙarfe biyu wurin ya zama kamar an kwaɓa ƙasar gini.

Na je na tsaya a saman tudun don in ga rukuninsu. Yanzu ledar a ɗaure take tam, dattijon na tsaye yana nuna hagu da hannu. Ita ce ta fara isowa. Ta gangara tana zamewa, ta zagaya bishiyar, ta shiga taɓon bakin rafi har ƙwauri. Da ta fito ƙafarta ɗaya ba takalmi. Ba ta ko waiga ba. Ta hau tudun nan da safa ɗaya, ta wuce ta gabana kusa har taɓo ya fantsamo mini a wando, bakinta a rufe. Ban kira ta ba. Ta gama da tazara mai yawa tsakaninta da ta biyu.

Da aka manna sakamako a allo, ni ce ta huɗu. Ita ta tara. Cikin shidan farko, biyar daga rukunin safe suke, ɗayar kuma ba ta yi gudun ba ma, an ba ta gurbin farko saboda ta ci bara.

Ta daɗe a gaban allon, tana bin layin da yatsa. Sannan ta juyo ta riƙe hannuna ta ce, "Barka. Allah ya sa ka ci gaba."

A bas mai hawa biyu muka zauna a bene, kujerar gaba. Ta naɗe ƙafarta da ledar burodi ta cusa cikin takalmin makaranta.

"Taɓo na gane," ta ce, tana kallon gilashi. "Taɓo zai ci rabin minti, ko fiye kaɗan. Amma ni da kai, kusan minti biyu?" Ta juyo. Ba zargi a fuskarta, lissafi kawai take yi. "Kun zagaya itacen?"

"Mun zagaya," na ce.

"To," ta ce. Ta koma kallon titi.

Malamarsu ta rubuta ƙorafi a kan taɓon. Amsar da aka aiko mata gajera ce: yanayi ba laifin kowa ba ne, kuma kowa hanya ɗaya ya bi. Ƙawata ce ta nuna mini kwafin, a tsaye a bayan teburin mahaifiyarta a kasuwa. Na karanta na miƙa mata, na ce ina sauri.

Ranar na faɗa wa Mama, tana yanka kuɓewa da la'asar. Ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Ta tambaye ki da bakinta?"

"Ta tambaye ni."

"Haƙƙin 'yar mutane ne a wuyanki. Gobe ki je ki sami malamarku."

Na je. Na same ta a ɗakin ajiye kayan wasanni tana jera ƙwallaye, na faɗa mata ina ganin mun tsallake wani yanki. Ta ce in haka ne za a soke sakamakon rukunin safe gaba ɗaya, har da wata 'yar ajinmu da ta zo ta shida, kuma an riga an aika sunaye. Ba ta tsawata mini ba, ba ta kuma hana ni ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Kin tabbata?"

Na ce ban tabbata ba.

Da na koma gida na ce wa Mama na faɗa, sun ce ba abin da za a iya yi. Ta dube ni, ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Babbar gasar ta zo, na tafi cikin rigar yankinmu, na ƙare can baya cikin tarin da ba a kiran sunansu. Ƙawata ta fara rage zuwa filin atisaye. In na tambaya ta ce ta gaji, ko tana taya mahaifiyarta aiki. Ni ma ban matsa ba, don na fi samun sauƙi in ba ta nan. Kafin bazara ƙaramar hukuma ta sauya musu gida zuwa wata unguwa mai nisa, teburin kasuwar ya koma hannun wani.

Na ci gaba da gudu shekara guda ni kaɗai. Abin da ya sa na daina ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk sanda na fara hawa tudu, sai in ji wannan siririn numfashin a bayan kafaɗata ta hagu, yana matsowa. In kauce gefe in ba da hanya. Ba kowa. Da rana tsaka, ga mutane suna yawo da karnukansu, ni kuma ina tsaye a gefen hanya ina jiran a wuce ni.

Shekara takwas bayan haka, na gama karatun harhaɗa magunguna ina aiki a gabashin London, na gan ta a sashen mata na masallacin Whitechapel bayan sallar Juma'a. Ta yi jiki, da jariri a goye. Ita ta fara gane ni. Muka rungume juna, muka fito muka tsaya a bakin titi kusa da masu sayar da gyale. Ta ce tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta direban bas ne. Na tambaye ta ko tana gudu har yanzu.

Ta yi dariya. "Tun wannan ranar na bari. Ka san me? Na ɗauka jikina ne ya lalace. Na yi gudu da duk ƙarfina, agogo ya ce ni ba komai ba ce. Sai da na sa mamana ya kai ni likita, aka ɗibi jini, aka ce lafiya lau. Ban yarda ba. Shekara da shekaru ina jin akwai wani ciwo a cikina da ba su gani ba."

Hayaniyar titin ta yi mini nisa. Na ce, "Ba mu zagaya ba."

"Me?"

"Bishiyar. Leda ta faɗi, muka miƙe. Na sani tun a lokacin. Kin tambaye ni a bas na yi miki ƙarya."

Ta gyara goyonta. Na jira zagi, ko kuka, ko ta juya ta tafi.

"Daga titi zuwa itacen, a dawo," ta ce a hankali, "minti nawa?"

"Biyu da wani abu."

Na ga leɓɓanta na motsi. Har yanzu tana riƙe da lokutan da ke kan allon, dukansu.

"Na biyu," ta ce. "Da ƙafa ɗaya ba takalmi."

Jaririn ya fara kuka. Ta ce bari ta je, mijinta na jira a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na ce ta yafe mini, amma wata motar asibiti ta wuce da jiniya daidai lokacin, ban san ko ta ji ba, kuma ban iya maimaitawa ba.

Na sake ganinta sau biyu a masallacin a wannan shekarar. Ita ke fara gaishe ni, da fara'a, ta tambayi Mama da aiki. Karo na biyu ta miƙo mini yaron na riƙe mata yayin da take ɗaura takalmi, yana da nauyi, yana jan gyalena. Ta karɓe shi ta ce sai wani jiƙon. Daga baya wata mata 'yar garinsu ta ce mini sun koma Kumasi gaba ɗaya, ba ta da adireshinsu.