Alhaji Seidu, Mai Jan Kati

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar sunan jikata ta fari labarin ya same ni. Muna falon ɗiyata a unguwar Woolwich ta Landan, ina raba dabino, bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai ga wayar Muniru, babban ɗan Alhaji Seidu. Ya ce, “Kawu, Baba ya cika da safen nan.” Na miƙa wa surukina kwanon, na nemi kujera.

Shekara goma sha tara muka yi da Alhaji a wata masana'anta a gabashin Landan, inda ake ƙera sassan injin mota. Mutumin Kumasi ne ta ƙasar Ghana, tashin zango, unguwar Hausawa. Aikinsa gwajin ƙarfe da duba ingancin kaya. Abin da ya yi daidai ya sa masa koren kati, wanda ya kauce ya rataya masa ja. Kullum da safe sai ya gwada ma'aunin kansa kafin ya auna komai. Yakan ce, “Shi ma ma'auni yana ƙarya in ba ka bincike shi ba.”

Ina wata na biyu a ƙarƙashinsa, ba a tabbatar da ni a aiki ba, iyalina kuma sun iso ke nan daga Kano. Wata rana ya shiga ɗakin gwaji ya bar ni da fistan injin mota akwati shida, babbar mota na jira a ƙofa. Suna fitowa daga inji ina aunawa, duka na sa musu kore, na sa hannu. Da ya dawo ya ɗora bayan hannunsa a kan ɗaya.

“Malam Habu, da zafi ka auna wannan?”

Na ce e.

“Kai Bakano! Ciniki ka iya, ba ka iya ƙarfe ba. Zauna mu jira.”

Da suka huce ya sake aunawa. Sun gaza da abin da bai kai kaurin gashi ba. Ranar na fara sanin ƙarfe na kumbura da zafi, don karatuna bai wuce firamare ba. Ya rataya ja a akwatunan duka, motar ta tafi wayam.

Manaja ya sauko yana tambayar wanda ya sa hannu. Sunana ne a takardar, na kuma san kora ce. Alhaji ya ce masa, “Ni ne ban koya masa ba. A rubuta sunana.” Aka ba shi takardar gargaɗi. Da muka keɓe ya ce, “Kaya na yi reject, ba kai ba. Amma Litinin za ka yi register a makarantar yamma, ko in kai ƙararka wajen Hajiyarka.”

Shekara uku na yi a ajin nan, yana duba min lissafi lokacin cin abincin rana. A masana'antar na yi ritaya.

Sai wajen ta'aziyya a Peckham matarsa, Hajiya Fati, ta shaida min cewa takardar gargaɗin nan ce ta hana shi shugabancin sashenmu a shekarar, kuma damar ba ta sake zagayowa ba. Bai taɓa faɗa min ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Seidu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Fati da Muniru da ƙannensa haƙurin rashi, Ya tsaya musu yadda Alhaji ya tsaya wa iyalan wasu. Amin.