Ƙafar Hagun Yaya Sanusi

Yayana Sanusi injiniya ne, ya daɗe yana zaune a unguwar Levenshulme ta Manchester, kuma lafiyarsa ƙalau. Da wannan na fara, don har yau raina yana sosuwa in na tuna an taɓa ɗaukarsa mai lalura.

A hannun kakanmu Bara'u ya tashi a Kano. Kaka tsohon soja ne, ya yi yaƙin duniya na farko. Daga Zungeru aka kwashe su zuwa Kamaru, can harsashi ya shafce shi a kafaɗa. Bai gama warkewa ba aka sauya masa runduna, aka zuba su a jirgin ruwa sai Tanganika, inda aka same shi a gwiwar hagu. Ya dawo gida ƙafar a sandare, in ya zo zaman tahiya sai dai ya miƙe ta gefe kamar taɓarya. Shi ya koya wa Yaya sallah. Yaro me ya sani? Abin da ya gani ya kwafa, har da ƙafar. Malamai sun yi faɗa, sun yi bulala, a banza. Da Yaya ya haifi Zayd a Manchester, shi ma haka ya kwafe ta.

To, Zayd ya gama jami'a, ya ga Bilqis, 'yar Dakta Ubaidullah na unguwar Edgbaston a Birmingham, likitan ƙashi. Da a gida ne kawunnai ke zuwa neman aure, amma nan ina muka ga kawu? Uba da ɗa suka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Sun tarar an riga an yi azahar, aka shimfiɗa musu darduma a falo, Dakta na zaune yana kallo. Ƙafa biyu a miƙe, duka na hagu. Aka yi maganar aure, suka dawo gida. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo: a dakata tukuna, da alama akwai ciwon gado a gidanmu.

Ciwon gado! A gidan wa? Zayd ya daina cin abinci, Yaya kuma ya ce a bar wa Allah. Ni Maimuna? Na yafa gyalena, na tasa su gaba sai gidan Dakta.

“Dakta,” na ce, “ga gwiwoyi huɗu na kawo maka, duba da kanka.”

Na zayyana masa labarin Kaka tun daga Zungeru. Ya sa Zayd ya tsuguna, ya miƙe, ya yi tsalle. Yaya ma da furfurarsa sai da ya yi. Dakta ya yi dariya har da cire tabarau.

“Hajiya, a yi mini afuwa,” ya ce. Sai ya juya ga Yaya. “Alhaji, tunda tana lanƙwasuwa, me ya hana ka naɗe ta?”

“Na sha gwadawa, Dakta,” in ji Yaya. “Duk na naɗe ta, sai in ji kamar na bar tsohon shi kaɗai a sahu.”

Ni da na zo da faɗa, sai ga hawaye shar. Dakta ya mayar da tabaransa, ya leƙa kicin ya kira uwar Bilqis.

“Ki fito,” ya ce, “mu sa wa yaran nan rana.”