Kawu Daƙiƙa da Tseren Tsinke

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi taku uku ba, yana maƙale tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da tayoyi. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a kujera ɗaya, gilashin nan na ido ɗaya a fuskarsa, gabansa gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori da batura da hannayen agogo. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, ba zai ce maka biyu ta gota ba, sai ya faɗa maka minti har da daƙiƙa. Daga nan aka laƙaba masa Kawu Daƙiƙa, har waɗanda suka girme shi haka suke kiransa.

Tun da nake ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu ba. Ko ruwan sama ne ya kece, a hankali yake takawa, tumbinsa na share masa hanya. Abin da ya haɗa shi da tsere wani malamin wasanni ne, da ya kawo gyaran agogon auna gudu bai sake waiwayarsa ba. Kawu ya rataya shi a wuya, ya shiga auna komai. Ya auna askin mai aski, ya auna tafasar butar shayi, ya auna gaisuwar matarsa, wadda muke kira Inna, da maƙwabciyarta: minti goma sha ɗaya, ban da rakiya. Da ya gaji da mu, sai ya koma kan masu dogon tsere da ake nunawa a talabijin ɗin mai aski. Ya sayi littafi, yana rubuta lokacin kowane zagaye, kafin kowace babbar gasa kuma ya faɗi wanda zai ci.

Shekara ashirin yana faɗa, bai taɓa dacewa ba. Wanda ya ce ko da rarrafe sai ya ci, takalminsa ne ya fice a zagaye na huɗu. Wanda ya ce ya tsufa ya je ya yi kiwon kaji, shi ne ya kafa tarihi. Kawu kuwa kullum da hujjarsa.

“Lissafina daidai yake,” haka zai ce. “Iska ce ta canza.”

A bayan layinmu akwai wata tela mai ɗa guda, siriri kamar a hura shi ya faɗi, ana ce masa Tsinke. Yana ɗan shekara goma sha biyu Kawu ya gan shi yana gudu, ya girgiza kai ya ce ƙafafun nan ko bakin titi ba za su kai shi ba. Maman Tsinke har yau tana cewa ba wanda ya taɓa yi wa ɗanta alheri kamar wannan. Yaro ya girma, ya cinye na gida, ya cinye na waje, har aka zaɓe shi zuwa gasar duniya, tseren mita dubu goma, zagaye ashirin da biyar.

Saura mako biyu gasa Kawu ya daina karɓar gyara. Ya baje tsofaffin littattafansa a kan tebur, yana lissafin zafin garin da za a yi tseren, da tsawon takun abokan karawar Tsinke. Rannan mai aski ya leƙa, ya tarar da shi yana murmushi shi kaɗai yana gyaɗa kai. Kafin rana ta yi sanyi labari ya gama layi: Kawu Daƙiƙa zai ce Tsinke zai yi nasara.

Washegari da safe sai ga Maman Tsinke, awon ɗinki rataye a wuyanta, mai aski da mai tayoyi na biye da ita. Ta gaishe shi har ƙasa.

“Kawu, alfarma na zo nema. Yaron nan ɗanka ne. Don Allah ka ce zai faɗi.”

Kawu ya cire gilashin idonsa. “In ce me?”

“Ka ce zai zo na ƙarshe. Ko ka ce ba zai ma ƙarasa ba, duk wanda ya fi maka sauƙi.”

“Wato bakina ne mugu?”

“Haba, wa ya isa ya ce haka?” in ji mai aski. “Bakinka mai albarka ne, Kawu. Ta baya kawai albarkar take fitowa.”

Kawu ya kore su, ya ce shi da lissafi yake aiki, ba da son ran mutane ba. Amma a gida Inna na jiransa. Ta bari ya shiga wanka, ta ɗauke agogon auna gudun, ta ce ba zai sake ganinsa ba sai ya yi abin da aka roƙe shi.

“In yaron nan ya faɗi, kai a shago kake wuni,” ta ce. “Ni ce zan haɗu da uwarsa a bakin famfo.”

Kwana uku Kawu yana shafa wuyansa yana jin wayam. A rana ta huɗu ya shiga shagon mai aski, ya tsaya a tsakiya, ya ce da murya kamar ta mai shan magani, “Tsinke zai zo na ƙarshe.”

Shago ya ɗauki tafi. Mai tayoyi ya rungume shi. Na taso daga aiki ke nan na tarar ana ta yi masa godiya, shi kuwa idonsa ya yi ja. Da aka watse ya ja ni shagonsa, ya yi rubutu a 'yar takarda, ya ninke, ya liƙe da gam ɗin da yake manna gilashin agogo, ya sa mini a aljihu.

“Ka riƙe, ɗan nan. Kada ka buɗe sai an gama. Gaskiyar tana ciki.”

Ranar tsere, da yamma, shagon mai aski ba masaka tsinke. Wani da aka aske wa rabin kai ya zauna da zanen a wuya, ba wanda ya sake bi ta kansa. Maman Tsinke ta ƙi shiga, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya wa talabijin baya, tana tambaya kowane minti. Kawu na gefe, babban yatsansa a kan agogon da Inna ta mayar masa.

Zagaye goma sha biyar Tsinke yana can baya, mutum biyu kawai ya fi. Mutane suka fara satar kallon Kawu. Mai tayoyi ya ce a hankali, “Kada fa yau abin ya zo daidai.” Sai ga yaro ya fara tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Na goma, na bakwai, na biyar. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, ya wuce wani dogo a kan kwana, ya kama wani dab da layi. Na uku! Minti ashirin da bakwai da daƙiƙa goma sha ɗaya, lambar tagulla.

Ihu ya tashi har mai rabin kai ya hau kan kujera. Maman Tsinke ta shigo tana kuka tana dariya, ta nufi Kawu da godiya. Shi kuwa ya miƙe, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya ce in buɗe takarda. Na karanta da ƙarfi: “Na uku. Minti ashirin da bakwai da daƙiƙa goma sha biyu.”

“Daƙiƙa ɗayan nan agogonsu ne ya yi jinkiri,” in ji Kawu, ƙirji a gaba, yana jiran yabo.

Maman Tsinke ta goge hawayenta, ta kama ƙugu.

“Wato da hannunka ka rubuta na uku? Alƙalami a hannunka, takarda a gabanka, ka rasa abin rubuta wa ɗana sai uku? Ɗaya ta fi uku wahalar rubutawa ne?”

“Ba haka ba ne,” in ji mai aski. “Bakinsa ya tura yaron gaba, takardar ta janyo shi baya. Da bai rubuta komai ba, da zinariya muke murna.”

Aka rabu gida biyu ana musu, amma duka ɓangarorin a kan abu ɗaya suka tsaya: Kawu ne ya hana Tsinke zinariya. Inna kuwa da ta ji, cewa ta yi ashe alƙalamin ya kamata ta ɓoye. Mako guda Kawu yana zuwa shago ta bayan layi.

Bayan wata ɗaya Tsinke ya dawo gida, ya zo gaishe shi da lambar a aljihu. Ya durƙusa, ya ce shi bai ma ji an yi wani hasashe ba sai da ya sauka. Kawu ya juya lambar, ya duba ta da gilashinsa, ya ce aikin ba laifi. Daga nan ya buɗe littafi ya nuna masa inda ya yi sakaci, a zagaye na goma sha tara.

“Takunka ne ya gajarce. Tashi ka ga yadda ake buɗe ƙafa.”

Ya fito bakin shago, ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafar dama, ya jefa ta gaba. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya kasa gaba ya kasa baya. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya ce a nemo mota. Tsinke ya ce ba sai an nemo ba, ya sunkuya, muka ɗora masa Kawu a baya.

Haka suka ratsa layin, na uku a duniya yana haki a ƙarƙashin tumbin Kawu, mata na leƙowa ta taga. A ƙofar gida Inna ta fito tana salati. Kawu ya ɗago kai daga kafaɗar Tsinke yana nishi, ya ce, “Ki shimfiɗa mini tabarma. Shi kuma ki ba shi ruwa, yaron nan ba shi da numfashi.”