Ranar Haihuwar Pantaleo

A layin bayan tashar jiragen kamun kifi ta Molfetta babu macen da ba ta san ƙofar Porzia ba, har da masu rantsuwa cewa ba su taɓa taka ta ba. Mai duba ce da karta, irin kartar nan mai zane da ake kira taroki. Sauran masu duba, hoton kartar suke kallo su yi ta zuba surutu, ita kuwa lamba take bi. Manyan kartan ashirin da biyu ne, kowace da lambarta da sunanta: shida Masoya, goma sha uku Mutuwa, goma sha takwas Wata, goma sha tara Rana. Idan mace ta zo da damuwar miji ko ɗa, sai Porzia ta haɗa ranar haihuwarsa da watan haihuwar da shekarar da ake ciki, abin da ya fito ta sake tara lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zaro kartar da ke ɗauke da wannan lamba ta ajiye a tebur. Ita ce kartar mutum ta wannan shekara.

Kafin ta taɓa karta akwai tambayar da ba ta fasawa: "Ranar takarda za ki ba ni ko ranar gaskiya?" Ta san halin iyayenmu maza na da. Yaron da ya zo duniya a ƙarshen Disamba sai a yi shiru da shi, a je a rubuta shi ɗaya ga Janairu, don a ja masa shekara guda kafin a ɗauke shi soja. Mata da yawa ta kora gida su tambayo surukarsu tukuna.

Mijinta Pantaleo masunci ne, ƙato mai sanyin hali, wanda ba ya iya wuce kyanwa bai tsaya ya yi mata magana ba. Shi ma ɗan ɗaya ga Janairu ne, amma nasa da labari. Tun suna saurayi da budurwa yake ba ta shi yana buɗe ƙirji, wai ana buga ƙararrawar sabuwar shekara ya faɗo, har ubansa ya ce gari duka shi ake yi wa murna. Porzia ta yi dariya ta yarda. Wa ke yi wa saurayi tambayar 'yan sanda? Kowace safiyar sabuwar shekara, kafin ta ɗora tukunya, sai ta zaunar da shi ta fitar masa da kartarsa. Shekarar da Wata ya fito masa, wato ruwa mai yaudara, ta hana shi tafiya mai nisa ƙememe. Ya yi ta gyaran taru a bakin tasha abokai suna yi masa tsiya.

"Leo, uwar gida ta ba ka izinin wanke ƙafa a teku yau?"

"Ku dai ku je ku jiƙe," yakan ce. "Ni lissafi nake ci a gida, kuma yana ƙosarwa."

A shekara ta 1988 wani mai jirage ya nemi ya ba Pantaleo tuƙin babban jirgi. Abin da ya yi ta mafarki tun yana yaro ke nan, amma ya zo a makare, gwiwa ta fara ciwo, zuciya ta fara son gida. Ya yi ta jan ƙafa har kaka ta shigo. Porzia ce ta ƙosa. Ta ɗauko kartar da ta fitar masa tun Janairu ta buga a tebur. Ɗaya da ɗaya da shekarar sun ba da 1990, lambobinta kuma goma sha tara.

"Rana ce fa, Leo! Babu kartar da ta fi ta. Shekarar da na ce ka zauna ka zauna kana ƙunƙuni, yanzu na ce ka tafi kana yi mini tsufa?"

"Jikina ne bai ba ni ba, Porzia."

"Jikinka ya iya lissafi?"

Ya yi murmushi ya karɓi aikin. A watan Nuwamba iska ta kifar da jirgin da mutum biyar a ciki. Gawarwaki uku ruwa ya dawo da su, har da tasa.

Daga nan Porzia ta naɗe kartanta a ƙyalle ta tura ƙarƙashin zanen gado. Mata suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har suka gaji. Ta koma murza taliya da yatsa tana kai wa masu gidan abinci, ta aurar da 'yarta ɗaya zuwa Torino, ta tsufa a ɗaki biyu masu warin gishiri. Mutane sun ɗauka ta daina yarda da abin ne. Ba su san ta ba. Abin da ke cin ta kullum tambaya ɗaya ce: me ya sa lamba ta yi mata ƙarya a kan mutum ɗaya da ta fi so a duniya? Tana murza taliya tana sake tarawa a ka, goma sha tara take samu. Da laifinta ne da ta san abin da za ta yi kuka a kai. Amma a ce ta yi komai daidai kuma ruwa ya ci shi haka kawai, kamar yadda yake cin tsohon takalmi, wannan ne ya hana ta sakat shekara ashirin da wani abu.

Sai ga Ottavia, yayar Pantaleo, ta dawo daga Ajantina. Tun tana budurwa aka kai ta aure can, ta dawo tsohuwa tukuf da sanda da baki mai kaifi, ta ce ta zo ta mutu inda ake iya dafa kifi. Ranar sabuwar shekara Porzia ta gayyace ta cin rana. Ta dafa wake da ganye, ta kunna kyandir a gaban hoton mijinta kamar yadda ta saba.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Ottavia.

"Ranar haihuwarsa mana, Yaya."

Tsohuwar ta kece da dariya har ta ƙware. "Ke ma Baba ya sayar miki da labarin ƙararrawa? Wace ƙararrawa! Yaron nan ya yi kwanaki yana tsala ihu a kwando kafin sabuwar shekara. Ni nake jijjiga shi, hannuna har ya sage. Baba ya ce babu ɗansa da zai riga sa'anninsa sa kakin soja."

Cokali ya tsaya a hannun Porzia. Ita da ta tambayi matan gari kaf, ba ta taɓa tambayar wanda take kwana da shi ba.

"Shi ya sani?"

"Wa zai gaya masa? Ya ji daɗin labarinsa, aka bar shi."

"Wace rana ce, Yaya?"

"Oho. Disamba dai."

"Ki tuna, don girman Allah. Kafin Kirsimeti ko bayanta?"

"Ke, shekarata takwas fa lokacin. Abin da na ci jiya ma ban sani ba." Ottavia ta tauna wake tana kallon rufi. "Ina ga kafin ne. Mama ba ta tashi ta soya mana ƙullin jajibere ba, Gwaggo ce ta soya, ta ƙona shi. To ko nauyin ciki ne ya hana ta, ko jego, ban sani ba. Miƙo mini burodin nan."

Ottavia na fita Porzia ta ɗaga zanen gado. Kartan sun yi laushi, suna warin ajiya. Ta zauna bakin taga ta kama kwanakin ƙarshen Disamba ɗaya bayan ɗaya tana haɗa su da waccan shekara. Ashirin ta ba ta huɗu, Sarki a kan kujerarsa. Ashirin da biyu ta ba ta Masoya. Ashirin da uku Karusar nasara. Duk kwanakin kafin Kirsimeti karta masu kyau ne, waɗanda da ta gan su a lokacin, tura shi za ta yi kamar yadda ta tura shi. Ta ci gaba. Da ta kai ashirin da tara, sai lissafi ya ba da 2029. Biyu da biyu da tara. Ta zaro ta goma sha uku, ƙwarangwal da laujensa, ta ajiye a cinya. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza, kuma abin kunya, har da sauƙi a cikinsa.

Ta koma wajen Ottavia sau biyu a makon. Tsohuwar ta ƙara tsayawa a kan nata.

"Na gaya miki kafin ne. Na tuna ma, a kwando ya yi Kirsimeti, an ɗaura masa jan zare."

"Jiya kin ce ba ki sani ba."

"Jiya ban sani ba, yau na sani. Ke me ya dame ki da ranar? Zai tashi ne?"

Porzia ba ta ƙara tambayarta ba. Ta leƙa coci, fada limamin cocin ya ce littafin baftisma na shekarun yaƙi ruwa ya lalata shi tun kafin zuwansa. Duk wanda ya ga haihuwar nan ya mutu, sai tsohuwa ɗaya mai canja magana.

Ranar Litinin ta sa baƙin mayafinta ta nufi rumfar Onofrio, mai sassaƙa duwatsun kabari a ƙofar maƙabarta. Ta same shi fari fat da ƙurar dutse, yana cin burodi da tumatir.

"Inna Porzia, lafiya? Ba dai kin zo zaɓar naki ba? Da sauranki."

"Na Pantaleo za ka gyara mini. Ranar haihuwar ba daidai ba ce."

Ya bi ta har gaban dutsen, ya karanta, ya sosa ƙeya. "Ɗaya ga Janairu. Wani ɗan ƙararrawar ke nan. Ai rabin mazan layin nan haka suke kwance, babu wanda ya kawo ƙara. Me za a sa?"

"Ashirin da tara ga Disamba. Shekarar ka ja ta baya da ɗaya."

"Kin tabbata? Dutse fa ba allo ba ne, in na sare na sare. Wa ya gaya miki?"

Porzia ta dubi hoton da ke manne a dutsen, mutumin yana murmushinsa na wanda aka ce ya tafi ya tafi. Ta tuna kwando da jan zare, ta kawar da su.

"Ni na lissafa," ta ce. "Mutuwa ce ta fito masa a shekarar, ni ce ban duba da kyau ba. Ni na tura shi. Sare."

Onofrio ya dubi fuskarta. Ya koma ya ɗauko guduma da kurfin sassaƙa. Tana tsaye a bayansa riƙe da jakarta har ya gama, ba ta zauna ba.