Motar Ignac Mai Kilomita Dubu Tara

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin safe daga Prelog zuwa Zagreb ya san ƙeyar Ignac Posavec, don shekara talatin da takwas ya yi yana nuna wa fasinja ita. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa ya fi na kansa yawa. A duk tsawon aikinsa ko kaza bai taɓa bugewa ba, kuma ba ya bari a manta da hakan. Komai na duniya da kilomita yake auna shi. In ka ce masa 'yarka ta yi aure a Osijek, kafin ya taya ka murna sai ya gaya maka nisan garin.

Shekarar da ya ajiye aiki, shi da matarsa Treza suka sayi mota mai ɗaki, fara sol, da gado da murhun gas da 'yar makewayi a ciki. Treza ce ta ɗinka labulayen da hannunta. Bazara biyu suka yi suna bin bakin teku, inda ya yi musu daɗi su tsaya su kwana. Ana shirin ta uku mahaifiyar Treza ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Aka dawo da tsohuwa gidansu, aka tura motar ƙarƙashin rumfa, kusa da bishiyar tuffa. A nan ta yi shekara goma.

Kada dai a ce an yasar da ita. Kowace Lahadi in an taso daga coci, Ignac zai tayar da inji ya bar shi yana aiki minti goma, shi kuwa yana zagayawa da tsumma. Sau ɗaya a shekara ya kai ta a duba lafiyarta, sau ɗaya kuma ya kai ta ƙofar coci ranar da fada yake yayyafa wa motoci ruwan albarka. Maƙwabta suna cewa babu motar da ta kai ta shan albarka a garin nan, babu kuma wadda ta kai ta rashin zuwa ko'ina. Ignac ba ya jin haushi. Zamansa lafiya yake yi da lambunsa da 'yan kurangar inabinsa, Treza kuma tana jinyar uwarta ba tare da an taɓa jin bakinta ba. In aka yi zancen tafiya sai ya ce, "Baɗi, da yardar Allah. Motar ai tana nan sabuwa."

Tsohuwa ta rasu a watan Maris, tana da shekara casa'in da huɗu. Wata rana a watan Yuni, Treza tana ɓarar wake a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tsoho, ina so in ga teku."

Wannan ne abu na farko da ta roƙe shi a shekara goma. Nan take ya tsayar da ranar Asabar. Kwana biyar za su yi, in ji shi, don lambu ba ya son a daɗe da barinsa.

Ranar Litinin ya kai motar garejin Zdenka Lesar a canza mai. Zdenka 'yar marigayi Jura ce, amininsa tun suna samari, ita ta gaji garejin da kayan aikin da kuma bakin ubanta. Ta leƙa inji, ta haska marfin gefe da tocila, ta ce, "Kawu, yaushe aka canza taimin bel, ɗamarar nan mai haƙora da ke cikin inji?"

"Aka canza? Da shi ta zo daga kamfani. Je ki leƙa agogo, kilomita dubu tara ne kacal."

"Shekara nawa?"

"Sha biyu. Me ya haɗa shekara da mota? A tasharmu sai bas ya ci dubu ɗari kafin a kalle shi."

"Bas ɗinku haƙoran ƙarfe ne ke juya shi. Wannan roba ce. Tun shekara bakwai da suka wuce ya kamata a cire shi, da shi da famfon ruwa."

Ignac ya ja gashin baki. "Ke 'yar nan, ina tuƙi kina tsumman goyo. Har famfon ma? Shi kuma me ya yi miki?"

"Bel ɗaya ne ke juya su. In na sa sabo, baɗi famfon ya cije, da sabon zai tafi. Ni kuwa ba zan buɗe cikin motar nan sau biyu ba, bayana ba na ƙarfe ba ne."

Ya ce a zuba masa mai kawai, zai tafi haka. Zdenka ta goge hannu a hankali, ta ce, "Motarka ce. Amma ka fi ni sanin hawan nan na dutsen Velebit. In ya tsinke a can, bawul da fistin za su yi karo, inji ya tashi aiki. Inna Treza ta dawo gida a gaban motar janwe, ko warin teku ba ta ji ba."

Wannan ce ta kama shi. Bai yarda tana da gaskiya ba, ko kusa, amma ya ba Treza ranar Asabar, kuma ba ya so wani abu ya taɓa ranar nan. Ya kafa sharaɗi biyu, a gama ranar Juma'a, kuma yana zaune za a yi. Da ya koma gida ya yi ta mita a kan yaran zamani da ba su iya komai ba sai cire lafiyayye su sa sabo. Treza ta bari ya gama, ta ce, "Asabar dai tana nan?" Ya ce tana nan daram.

Kayan suka iso ranar Alhamis. Juma'a da ƙarfe bakwai Ignac ya riga Zdenka zuwa garejinta, ya ja wata tsohuwar kujerar mota ya zauna kamar mai sa ido a jarrabawa. Ta ɗaga gaban motar, ta cire tayar dama da robar da ke bayanta, ta tara bokiti ta sauke ruwan lagireto. Ta tokare injin da jak daga ƙasa kafin ta kwance ƙafarsa. Wurin a matse yake, hannu ɗaya ne ke shiga, shi ma a karkace. Ignac yana ta ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Sufana mai lamba sha uku za ki sa."

"Sha biyar ce, Kawu. Miƙo ta, tunda ka zo aiki."

Ta soke sandunan da ke riƙe inji kada ya motsa, ta ɗiga farin fenti a kan kowace alama, sannan ta sassauta bel ɗin ta zare shi. Ubanta ya bar mata wata ƙa'ida da ba ta taɓa karyawa ba, duk abin da aka cire daga mota ba a jefa shi a shara sai mai motar ya riƙe shi da hannunsa. Ta miƙa wa Ignac.

Ya juya shi a haske. Baƙi wuluk, sumul, har rubutun kamfani yana nan. Fuskarsa ta washe. "Kin gani? Sabo fil. Da Jura yana raye da kin sha faɗa."

"Juya cikinsa waje, ka lanƙwasa."

Ya lanƙwasa. A gindin kowane haƙori sai ga tsaga ta buɗe baki, ɗaya bayan ɗaya, kamar faso a diddige. Ya sa babban yatsa ya ɗan tura guda, haƙorin ya ɓalle ya faɗi a kan wandonsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ban je ko'ina da ita ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Roba ba ta san kilomita ba, Kawu. Ko tana tafiya ko tana zaune, shekara na cin ta. Zaman ma ya fi lalata ta."

Da ta ciro famfon, ga busasshen ruwa ya yi farin gishiri a ƙasansa, in an juya shi yana ƙara kamar an zuba yashi. Wannan karon Ignac tasowa ya yi ya matso kusa. Shi ya riƙe mata fitila ta ɗaura sabo, ta zagaya sabon bel, ta ɗaure. Ta juya injin da hannu zagaye biyu, alamomin fenti suka dawo daidai inda suke. Ta zuba ruwa, ta fitar da iska, ta ce ya tayar. Bugu ɗaya ya kama. Ignac ya kasa kunne ya ji sautin, ya gyaɗa kai, ransa ya yi fari.

Wajen ƙarfe uku Treza ta iso a kan kekenta, da farantin kek ɗin gibanica a kwando, irin mai cuku da tuffa da Zdenka take so. Ignac yana zaune a kujerar direba, ta gilashi ya hango ta. Ta tsaya a ƙofar gareji. Sai da ta kwantar da keken kusan ƙasa kafin ta iya tsallako da ƙafarta, ta dafa ƙugu, ta tsaya ta huta, sannan ta ɗauki farantin. Bai san yaushe ta fara sauka daga keke haka ba. Gida ɗaya suke kwana suke tashi, yana ganinta kullum a wuri ɗaya, ya ɗauka tana nan yadda ya san ta. Tsoro ya kama shi, da tausayi, da wata kunya da bai san inda zai ajiye ta ba.

Ya kashe inji ya sauko. "Treza, kwana nawa na ce za mu yi?"

"Biyar. Ko an rage ne?"

"In kin koma ki biya gidan maƙwabciyarmu Milka, ki ce ta kwashe kajin nan zuwa wajenta. Tumatir ma in ya nuna ta tsinka ta ci. Ba za mu dawo ba sai sanyi ya koro mu."

Treza ta kalle shi, ta kalli Zdenka. "Me kika zuba masa a kofi?"

"Ni bel da famfo kawai na canza, Inna."

"Kai da ba ka iya kwana uku ba ka leƙa lambu ba?"

"Lambu a shuka wani baɗi," in ji Ignac.

Ta ajiye farantin a kan teburin sufanu, ta cire ƙyallen da ta rufe shi da shi, ta yi ta ninke shi fiye da yadda ƙyalle yake bukata. Idonta ya cika, ba ta kuma ɓoye ba.

"To bari in koma," ta ce. "Ban sa mana rigunan sanyi ba."