Ragon da Aka Saya a Waya

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dillalin dabbobi ne a Yerwa tun da ya bar kiwo. Ba ya sayar da rago sai ya buɗe wa mai saye bakinsa ya ga haƙora. Mu ma, maza da mata, ya hana mu yarda da dabbar da ba mu taɓa ba.

Layyar bara babban ɗana ya shigo da rago, wai a waya ya ga hotonsa, aka kawo masa har unguwarmu, Ajilari. Ciki ya yi tim, amma ƙashin baya a fili.

"Inna, wannan kallon fa? Abokina ne ya sayar mini."

Na ce, "Riƙe min ƙahonsa."

Na danna cikin, na ji ruwa yana motsi. Kanwa aka ba shi, ya yi ta shan ruwa har ya kumbura. Na buɗe bakin, haƙoran ƙanana, ko famfara bai yi ba. Ban yarda ya cika shekarar da zai isa layya ba.

Na sa ya mayar a ranar. Abokin ya canza masa ba musu ko kaɗan, kuma wannan saurin nasa ne ya fi damuna har yau.