'Yar Kano Tana Gida

Shekara talatin da ɗaya muna tare, maigidana bai taɓa kiran sunana ba. 'Yar Kano yake ce mini. Shi mutumin Maraɗi ne, ni kuma Bafaranshe nake ce masa idan ya ba ni haushi, kuma da wuya rana ta faɗi bai ba ni ba. Ya ce gujiya, in ce gyaɗa. Ya ce za shi likita, in ce malam, likita mutum ne, asibiti ake zuwa. A kan wannan shirmen muka tsufa a gidanmu na Germantown, nan ƙasar waje inda Turanci ake yi, shi yana tuƙin tasi, ni ina aiki a kantin magani.

Sai ciwon mantuwa ya kama shi. Turanci ne ya fara zubewa, daga baya Hausar ma ta koma i da a'a. Duk na jure. Abin da ya ci mini rai shi ne ya daina kirana. Wata bakwai ban ji 'Yar Kano ba. Yana karɓar abinci daga hannuna, yana bari in yanke masa farce, amma shiru. Ni kuwa na rasa gane ko ya san ni yake shirun, ko kuwa bai san ni ba.

Wata rana muna jiran layi a asibiti, wata mata tana waya da Faransanci. Kawai sai na ga ya ɗaga kai ya yi dariya. Dariya fa! Tun a wurin na ƙudurta a raina cewa in harshen nan ya tashi, sauran ma za su biyo shi, har da ni. Wata abokiyar aikina ta taɓa ba ni labarin wani ɗan ƙaramin birni a gabashin Kanada, kusa da teku, inda ake Turanci da Faransanci kafaɗa da kafaɗa. Na ɗauki hutu.

'Yarmu da ke aure a Springfield ta bugo waya. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar yadda ta saba. Wai Mama, ba zai ma san ya je ba, wahalar da kanki kawai za ki yi. Na ce ke kika aure shi ko ni? Na kashe wayar.

Kwana biyu muka yi a hanya, ni ke tuƙi, tsohon direba yana gefe yana kallon tafin hannunsa. Garin bai kai yadda na zata ba. Babban titi ɗaya, coci-coci, iska mai ƙarnin kifi. Amma komai sau biyu aka rubuta shi, har allon tsayawa na bakin titi. Akwai wani kogi mai jar laka da 'yan yawon buɗe ido ke taruwa a bakinsa, suna jiran teku ta turo ruwa ya dawo da baya. Mu ma muka tsaya. Ruwan ya zo, aka yi ta tafi, na ɗauki hoto. Shi takalminsa yake kallo.

Mutanen garin suna da wata al'ada. Duk shagon da ka shiga, gaisuwa biyu za a jero maka a numfashi ɗaya, ta Turanci da ta Faransanci. Wadda ka amsa, da harshenta za a ci gaba da kai. Da na gane haka sai na daina amsawa. Ina ji ana gaishe mu, in kame bakina kamar marar tarbiyya, ina satar kallonsa.

A rana ta biyu da azahar muka shiga wani gidan abinci. Mai kawo abincin, wata doguwar mata mai furfura, ta ce, "Halo, bonjur." Na yi gum. Sai na ji daga gefena an ce, "Bonjur, madam."

Wayyo Allah! Muryarsa ce ta dā, cikakkiya. Ya gyara zama ya shiga zuba. Ya tambaye ta wani abu, ta amsa, ya faɗi wata magana har ta dafa tebur don dariya. Ni ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Shekara talatin ina yi wa Faransancinsa ba'a, ban koyi komai ba sai bonjur da marsi. Ranar na yi da-na-sani, amma murna ta fi yawa.

Aka kawo kifi, fari fat, ko ɗigon barkono babu. Na buɗe jaka na ciro 'yar robar yajina, wadda ba na zuwa ko'ina ba da ita ba. Ina barbaɗawa sai na ga ya zuba mini ido yana murmushi. Ya yi magana da Hausa tiryan-tiryan.

"Madam, ku ma da yaji kuke yawo?"

Na ɗauka tsokanarsa ce ta dawo. Na ce, "Wace ce Madam? Kai dai Bafaranshen nan ba ka da dama."

Ya ja baya a kujera, kunya ta kama shi. "Ku yi haƙuri, ban yi don in ɓata muku rai ba. Matata kuka tuna mini. Ita ma haka take, ko gidan biki ne sai ta ciro yajinta. 'Yar Kano ce."

Ku. Irin ku ɗin da yake yi wa surukai da baƙin fasinja. Ga sunan da na yi wata bakwai ina jira ya fito, amma ba ni aka kira da shi ba. Na ajiye cokali. Da kyar na ce, "Ina take yanzu?"

"Tana gida. Na daɗe ban gan ta ba." Ya sunkuyo ya rage murya. "Faɗa gare ta, amma babu irinta. Don Allah ku mai da ni, kada hankalinta ya tashi."

Na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi. Na ji haushinsa, na ji haushin garin da harsunansa biyu, na fi jin haushin kaina. Sauran kwana biyun da na tsara, da shiga jirgin ruwa da zuwa bakin teku, duk na watsar. Washegari da safe muka kamo hanya.

Bai yi shiru ba a dawowar. Ya yi ta ba ni labarinta: yadda take gyara masa Hausa, yadda take ƙona albasa ta ce haka ake yi a Kano. Ƙarya yake yi, sau ɗaya na taɓa ƙonawa. Na ƙyale shi, don na sake ƙulla wata dabara.

A rana ta biyu muka iso gida da la'asar. Na ce ya jira a mota. Na shiga da gudu na cire rigar sanyi da tabarau, na ɗaura tsohon zanena na gida, na ɗora albasa a wuta, na buɗe masa ƙofa na koma kicin na juya baya. Ina jin takunsa ya shigo. Ya yi sallama, sannan ya ɗaga murya yadda yake yi in ya dawo daga aiki.

"'Yar Kano!"

Na ce, "Na'am, ga ni nan." Na juyo.

Ya dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Ya leƙa bayana. Ya je ya duba ɗakin kwana, ya dawo.

"A'a, Madam, ashe ba ku tafi ba? Ta ɗan fita ne. Ku zauna ku huta, yanzu za ta shigo."

Ya jawo kujera ya ajiye mini, ya jawo tasa ya fuskanci ƙofa. Na kashe wutar albasar, na zo na zauna. Muka jira ta tare.